Abin da Kawu Ya Ce a Wanke

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi ranar wata Talata bayan la'asar, ana ƙarshen damina, a wani asibiti a Paraku. Washegari da safe muka ɗauke shi zuwa Jugu, aka rufe shi kusa da mahaifinsa. Ƙanen mahaifiyata ne. Bai bar ɗa ba, bai bar jika ba, sai mata ɗaya da muke kira Tanti, da kwali uku na bandi, wato manyan faya-fayan zaren nan da ake naɗar sauti a kansu tun kafin kaset ya zo. Waƙoƙinsa na shekara arba'in ne a ciki. Kwalayen suna ƙarƙashin gadona yanzu, kuma tun ranar da suka shigo ɗakin ban sake samun sakewa ba.

A zaman makoki an yabe shi sosai, sai dai na lura wani mutum daban ake yabo. Mahautan unguwarmu suka zo a jere, kowa ya ce Allah ya jiƙan mai gyaran rediyo. Wani ladani ya taso tun daga Paraku don ya shaida cewa shekara da shekaru lasifikar masallacinsu ba ta taɓa wuni a lalace ba, saboda Kawu. Wata tsohuwa daga Partago ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai tsayawa gaisuwa irinsa ba. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya furta kalmar kiɗa. Da magana ta doshi wurin sai a kewaye, kamar yadda ake kewaye kwata a hanya.

Ranar uku wani dattijo mai furfura, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya tsaya a bakin zaure don ya gaida Inna, mahaifiyata, wadda ita ce yayar mamacin. Yana cikin addu'a wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Jitar Kawu ce. Farkon waƙarsa da aka fi sani ne mutumin ya sa a wayar, wataƙila tun shekaru, don ƙauna. Dattijon ya yi ta lalube, wayar ta ƙi fita daga aljihu. Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta ce a hankali, "Malam, don Allah ka kashe. Shina kwance. Yau kwanansa uku kaɗai."

Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye ba. Haka muka tashi muna ji a wa'azi, cewa abin da mutum ya bari a duniya yana bin sa har kabari. In rijiya ce, duk wanda ya sha ana rubuta masa lada. In kuwa abin saɓo ne, duk lokacin da wani ya yi amfani da shi ana ƙara masa nauyi, shi kuma yana kwance ba ya iya cewa a daina. Na yi karatun boko, ina koyarwa a firamare, ina kuma da bakin gardama. Duk da haka, da na ji jitar nan a bakin zaure sai na ga Kawu a cikin likkafani yana jin ta tare da mu.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakana yana da rumfa a kasuwar Jugu, kuma ranar kasuwa mai kalangu yakan tsaya kusa da shi yana sanar da mutane an yi yanka. Inna ta ce tun Kawu bai kai tsawon teburin nama ba yake bin mai kalangun nan da ido. Ita ta goye shi, don mahaifiyarsu ta rasu yana shan nono. Ita ce kuma ta roƙi Kaka ya bar shi ya tafi kolej a Paraku, abin da har yau take cewa da ta sani da ta kama bakinta.

A Paraku wani malaminsu Bature ya ba shi aron faya-fayen garmaho na irin kiɗan rok ɗin nan mai dogon zango, wanda suke kira progresif. Waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai gaba ɗaya. Ta fara a hankali, ta yi gudu, ta tsaya, ta sauya kama, ta dawo ta wata ƙofa. Kawu ya ce mini ranar ya gane ashe ana iya gina waƙa ɗaki-ɗaki, mutum ya shiga ya zagaya. Daga nan karatu ya zama na jeka-na-yi-ka. Ya sami jita, ya shiga wata orkes, wato ƙungiyar makaɗa, da ke kiɗan rawa kusa da tashar jirgi ranar Lahadi da yamma.

Bai yi shekara ba suka sallame shi, kuma har ya tsufa yana ba da labarin da alfahari. Kiɗan rawa bugu takwas yake tafiya, ƙafa ta san inda za ta sauka. Shi kuma sai ya ga takwas ta yi masa yawa, ana tsakiyar rawa ya sace ɗaya, ya bar bakwai. Matar wani babban mutum ta ɗaga ƙafa ta rasa inda za ta ajiye, ta tafi luu ta faɗa kan teburin lemo.

"Ba ni na kada ta ba, Metres," yakan ce mini, don haka yake kirana, wato malama, tun da na fara koyarwa. "Ita ta yarda da takwas fiye da kima."

Sai ya kafa tasa ƙungiyar, su biyar. A cikinsu wanda ya daɗe da shi har ƙarshe shi ne mai ganga, wani ɗan Bariba dogo marar magana, da muke kira Tonto. Waƙarsu da ta fi fita ita ce wadda ta ɗauki ƙara a wayar dattijon nan, sunanta "Daga Kolokonde", wani gari mai kasuwar shanu. Minti ashirin da wani abu ce, da Hausa da Dendi, kuma sa ne, bijimi, yake magana a cikinta, daga ranar da aka raba shi da garke, zuwa ƙetare rafi, zuwa kara, zuwa hannun mahauci. Gidan rediyo suka sa ta sau ɗaya har ƙarshe. Karo na biyu mai gabatarwa ya datse ta a minti na huɗu don lokacin labarai ya yi. Kawu ya hau keke ya tafi har ofishinsu ya ce, "Kun yanka san tun bai kai kasuwa ba. A gidanmu ba a haka."

Sun je Kwatano, sun je Legas, sun yi 'yan watanni a Turai. Faifai ɗaya aka buga musu, kuma ban taɓa shiga gidan da na gan shi ba sai nasa. Masu rawa suka ce ba ya rawuwa, masu son yabo suka ce ba ya kiran sunan kowa, 'yan gidanmu suka ce ɗan mahauci ya zama maroƙi, alhali ko sau ɗaya bai taɓa roƙon kowa ba. Ya dawo Paraku da manyeto, injin da ke naɗar bandi, da wani tari da bai sake rabuwa da shi ba. Ya buɗe shagon gyaran rediyo. Mutane suka ɗauka ya shiryu. Shi kuwa duk Lahadi bayan azahar yana ɗakin baya shi da Tonto suna naɗa, shekara bayan shekara, ba don kowa ya saya ba.

Kawu bai iya gajeren abu ba. In ya ce bari ya gaya miki magana ɗaya, ki nemi kujera. Kuma ko'ina kiɗa yake ji. Wata rana ya tara Tanti da maƙwabtanta biyu ya sa su dakan sakwara a turmi ɗaya, ya kafa makirfo a gefe, yana cewa ta tsakiya ta riƙa jinkirta taɓaryarta kaɗan. Sau tara suka sake. Tanti ta ce ranar sakwarar da aka ci a gidan ta fi ta kowa laushi a Paraku, ta kuma fi ta kowa sanyi. Yana da ɗabi'ar ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, leɓɓansa na motsi, ko yana tafiya ko yana zaune a shago. Masu wucewa sukan ce kai, mai gyaran nan akwai zikiri. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, salati kake yi?"

"Bugu sha ɗaya nike nema," ya ce. "Ta ɓace mini tun safe."

Rigimarsa mafi girma da Inna a kan wuƙaƙen Kaka ce. Bayan Kaka ya rasu, Kawu ya ce ba ya son komai a gado sai wuƙaƙen fawa da dutsen wasa su. Kowa ya ji daɗi, aka ce jini ya motsa. Ashe ɗakin baya ya kai su, ya naɗi ƙarar wasa wuƙa, ya sake gina ƙarshen "Daga Kolokonde" a kanta, wurin da san yake jin ana shirya masa. Na saurari wurin nan sau ɗaya da rana tsaka, na kasa zama, na fita tsakar gida. Da labari ya kai wa Inna, ta ce, "Ka ɗauki Baba ka sa cikin kiɗa, mutumin da bai taɓa taka rawa ba. In an tambaye shi, mi za shi ce?" Shekara biyu ba ta yi masa magana ba. Sai da aka tura ni aiki Paraku ta haɗa ni da doya guda biyar ta ce in kai masa, in kuma ce masa ya rage sigari. Da na isar da saƙon ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki, ya daɗe bai juyo ba.

Alherinsa ma irin nasa ne. Tonto ya fara kurumcewa, ya riƙa shigowa a inda bai kamata ba, har wata Lahadi ya ajiye sanduna ya ce shi ya gama. Kawu bai yarda ba. Ya kira kafinta ya shimfiɗa katako a ɗakin baya, ɗan sama da ƙasa, ya ɗora gangunan a kai, shi ma ya hau. Yana kaɗa jita yana buga diddige a katakon, Tonto yana jin bugun ta tafin ƙafarsa. Haka suka ƙara shekara goma sha wani abu. Takalmin Kawu na dama kullum ya fi na hagu cinyewa, Tanti ta gaji da kai shi wurin mai gyara.

Duk ƙarshen damina yana da wani aiki da ba ya ɗagawa. Laima takan sa bandi su yi fumfuna, wani farin gari-gari ya hau zaren, in an bar shi ya cinye sautin. Sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a manyeto, ya bar zaren yana tafiya a hankali daga wannan faifai zuwa wancan, shi kuma ya riƙe shi da ƙyalle mai laushi tsakanin yatsu biyu. Wannan shi yake kira wankin bandi. Da hannunsa ya fara rawa, ni ya koya wa. "Dusman, a hankali, Metres. Ba tsumman ɗaki ba ne. In kika matse ya tsinke, kin tsinka mini shekara guda." Muna yi sautin na tashi, yana gaya mini wace Lahadi ce, wa ya yi kuskure, me Tanti ta dafa.

Sai hawan jini ya kada shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jita ta koma jingine a bango. Ya zama ba shi da aiki sai kwanciya da sauraron rediyo, kuma a rediyon wa'azi ya fi yawa. A nan na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Kawu ya tsorata. Mutumin da ya yi gardama da mahaifinsa, da yayarsa, da gidan rediyo, ya zama in mai wa'azi ya ambaci kiɗa sai ya runtse ido. Yatsunsa na hagu suka ci gaba da ƙirga, amma na daina iya rarrabe ko bugu yake nema ko istigfari yake yi, kuma na ji tsoron tambaya.

Wata rana bayan na taso daga makaranta na same shi ya sa an jawo masa kwalayen kusa da katifa. Ya ce, "Metres, in ina kwance can, wani ya kunna ni a Kwatano, mi za a ce mini?"

Na ce, "Kawu, waƙar sa ce fa. Ba zagi, ba batsa, ba ka kira kowa zuwa ga ɓarna ba."

"Na sani. Amma ke ba ki ga wurin ba, ni ma ban gani ba." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan kwali. "To in kuma ba su, mi na yi a duniya? Ba ɗa, ba ɗiya. Rediyon mutane na gyara, su ma duk sun jefar."

Ya sa aka kira masa limamin unguwa, dattijo mai sanyin hali. Liman ya ce malamai sun saɓa a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun duba abin da waƙar ke faɗa, kuma rahamar Allah ta fi ƙarfin lissafinmu. Kawu ya yi godiya. Da Liman ya fita ya dube ni ya ce, "Wala, kin gani. Shi ma bai sani ba." Bayan wannan, wata rana ya ce mini in kira masa wani ya kwashe bandin, washegari ya tambaye ni ko ruwan saman jiya bai taɓa kwalayen ba.

Ranar da zai rasu mu uku ne a kansa, ni da Inna da Tanti. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Ya kama hannun Inna, amma ni yake kallo. Ya ce, "Bandi." Muka matso. Ya ce, "A wanke su." Bai ƙara wata magana ta duniya ba, sai kalmar shahada da Inna ta riƙa laƙƙana masa.

Ni abin da na ji a fili yake. Ƙarshen damina ne, lokacin wankin bandi ya yi, bara ma ba a yi ba saboda ciwonsa. Cewa yake in kula da su. Ban san Inna ta ji wani abu daban ba sai ranar bakwai, bayan an watse, ta kira ni ɗakinta ta ce in mun koma Paraku in kai kwalayen wurin masu kaset na kasuwa. A bakinsu, da bakin duk wanda ya taɓa hulɗa da su, wanke kaset shi ne a shafe abin da ke kai tas, a ɗora wani. Inna da kanta ta taɓa kwashe kaset ɗin waƙoƙinta na ƙuruciya ta kai aka wanke, aka ɗora mata tafsiri. A wurinta ƙanenta ya tuba a kan gadon mutuwa, ya bar wasiyya, kuma hannunta ya riƙe da ya faɗa.

Na yi mata bayanin fumfuna da ƙyalle. Ta ce ita ba ta san wannan ba, Hausa ta ji. Na ce ni ma Hausa na ji, kuma ni ya kalla. Zuciya ta ɗebe ni, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Ke dai tun yana raye kike so ki shafe shi."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni na goye shi, ɗiyata. Kashinsa da fitsarinsa a bayana. Ke waƙa kike ji. Ni kuwa duk sanda aka kunna, ji nike ana tambayarsa, ba ni kusa balle in ce yaro ne, ku yi mai haƙuri."

Muka tafi wurin Tanti, ita da ta zauna da shi shekara arba'in. Ta ce, "Ni tun da na aure shi ban taɓa gane inda maganarsa ta dosa ba sai ya kai ƙarshe. Wannan kuma bai kai ƙarshe ba." Muka aika wa Liman. Ya ce hukuncin wasiyya ya sani, amma abin da mamaci ya nufa da kalma, mu da muka ji mu za mu faɗa. Tonto kuwa da na rubuta masa a takarda, ya karanta, ya ninke, ya ce in mun shafe shi bai rasa komai ba tunda ba ya ji, sai dai shi kaɗai zai rage da ya san abin da ke ciki, kuma shi ma ya kusa.

Ana cikin haka wani mutum ya kira ni daga Kwatano. Ya ce yana tattara tsofaffin kiɗe-kiɗen ƙasar nan, ya daɗe yana neman Kawu, ya ji labarin rasuwarsa. Ya ce a wannan yanki ba wanda ya yi irin abin da ya yi, kuma in na yarda za su juye bandin su sa a intanet, duniya duka ta ji. Maganar da na yi shekaru ina fatan wani ya faɗa a gaban Kawu ke nan. Amma da ya ce duniya duka, sai murnata ta koma tsoro. Na tuna waya ɗaya a bakin zaure, na ninka ta dubu, dare da rana, a garuruwan da ban sani ba, ba mai cewa a kashe. Na ce masa zan yi shawara. Ya sake kira sau uku ban ɗauka ba.

Abin da ya tsaya mini ke nan. In na shafe, kuma ashe cewa ya yi in kula, na kashe abin da ya rayu dominsa da hannuna, ba kuma a dawo da shi. In na bari aka ji, kuma ashe tuba ya yi, na riƙa ɗora masa kaya a wurin da ba ya iya saukewa. Ranar arba'in ni da Inna muka tsaya a tsakiya, ba don mun gamsu ba. Kwalayen za su zauna a wurina, ba za a shafe ba. Ni kuma na yi mata alkawari ba kunnen da zai ji su, har nawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don takarda ba ta da sauti. Wanda ya karanta ya san an yi wani ɗan mahauci a Jugu da ya ga takwas ta yi yawa, ya kuma roƙa masa gafara.

Bana da damina ta ɗauke na buɗe kwalayen, na ga fumfuna ta fara. Na jawo manyeto, na murɗe sautin har ƙasa, na ɗora bandi na farko, na "Daga Kolokonde". Ranar Asabar ce da hantsi. Inna tana gidana, ta zo Paraku ganin likitan ido. Ban so ta gani ba, amma ta ɗaga labule ta same ni zaune a ƙasa da ƙyalle a yatsu, zaren yana wucewa shiru. Na ce, "Ba ya fita, Inna. Dubi, a kashe yake."

Ta saki labulen ta shigo. Ta zauna a bakin gado. A gaban manyeton akwai wata 'yar taga mai haske da allura a ciki, wadda ke motsi gwargwadon ƙarfin abin da ke kan zaren, ko an kashe sauti ko ba a kashe ba. Ita Inna ta ƙura wa ido. Allurar ta yi tsalle, ta koma, ta yi rawa a tsakiya, ta kwanta, ta sake tashi a hankali.

"Wannan mi ke motsa ta?"

"Abin da ke ciki."

"Yanzu jita ce, ko shi ne?"

Na duba rubutun da ke jikin kwalin bandin, na duba inda zaren ya kai. Na ce, "Ina jin shi ne. Nan ne yake fara waƙa."

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Kin san na manta muryarsa? Jiya na yi ta nema. Ta ƙuruciya nike ji, sanda shike kuka a bayana. Ta girman ta tafi."

Na ɗora hannuna na hagu a kan maɓallin sauti. Ban murɗa ba, na dai dube ta. Kaɗan ya isa, ko ƙofar ɗaki ba zai kai ba. Ta miƙo hannu, na ɗauka cewa za ta yi in ƙara. Sai ta kama wuyan hannuna ta janye shi daga maɓallin, ta riƙe a cinyarta gam.

"Bari," ta ce. "Ni in rasa. Kar a ƙara mai ko zunubi ɗaya saboda ni."

Muka zauna haka, hannuna ɗaya a nata, ɗayan a kan zaren, tana cewa Allah ka yi masa sauƙi, Allah ka haskaka inda yake, ka karɓe shi a kan abin da ya nufa. Ba ta ɗauke ido daga allurar ba har minti ashirin da wani abu suka cika, zaren ya ƙare, ta kwanta. Inna ta goge fuskarta da bakin mayafi ta ce in ɗora na gaba.